Manomin Watari Da Tarihin Aikin Madaciya

Mai karatu, yau zan ɗan waiwayi tarihin wani ciwo da mu mutanen karkara muka daɗe muna kira gyambon ciki, alhali wani lokacin tsakuwa ce a cikin madaciya. Alamarsa ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, musamman bayan cin maiƙo, kuma ya fi addabar mata da masu sikila.

Aikin cire madaciya ba sabo ba ne. Likita Carl Langenbuch ya fara yin sa a birnin Balin a 1882, sannan a 1985 Erich Mühe ya cire ta ta 'yar ƙaramar kafa ba tare da an tsaga ciki duka ba. Abin da ya yi wa manomin Bagwai katanga shi ne kuɗin aikin.

An kafa dokar inshorar lafiya ta NHIS a 1999, Obasanjo ya ƙaddamar da shirin a 2005, amma ma'aikatan tarayya suka fi cin moriyarsa, domin daga albashi ake cira. Manomi kuwa kuɗinsa sai kaka, ko bayan noman rani a bakin madatsar ruwan Watari. Shi ya sa yakan daure da jiƙe-jiƙe har idanu su yi ɗorawa, sannan a sayar da akuya a nufi Bichi, daga can a tura shi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, lokacin da aikin ya ƙara tsada da haɗari.

Daga baya dokar lafiya ta 2014 ta ware asusun kula da talaka, Kano ta yi dokar hukumar taimakekeniyar lafiya a 2016, Buhari kuma ya sa hannu a dokar NHIA a 2022, wadda ta wajabta inshora ga kowa.

A Amurka, bayan faɗaɗa shirin Medicaid a 2014, bincike ya nuna marasa ƙarfi sun riƙa zuwa asibiti kafin irin wannan ciwo ya yi tsanani. A ganina mizanin da za mu auna namu shirin ke nan: ko katin inshora zai kai matar manomi gaban likitan tiyata tun ciwon yana ƙarami, kuma a karɓi kuɗin rajista lokacin da amfanin gona ya zo gida.