John Hunwick da Tarihin Yahudawan Tuwat

Da wuya a sami ɗalibin tarihin ƙasar Hausa wanda bai ji sunan Shaihu Muhammadu bin Abdulkarim al-Magili ba. Shi ne malamin da ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), ya rubuta masa littafin nan na nasiha ga sarakuna da aka sani da Tajuddini. Har yau Sharifan Kano da shi suke danganta asalinsu. Sai dai abin da ba a cika koyarwa ba shi ne abin da ya faru a Tuwat gab da tasowarsa zuwa ƙasashenmu. Wannan maƙala za ta dubi rayuwa da aikin manazarcin da ya fi kowa bin diddigin wannan al'amari, wato Farfesa John Hunwick.

An haifi Hunwick a garin Chard na ƙasar Ingila a shekarar 1936. Ya yi karatun Larabci a Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, sannan ya zo Nijeriya a 1960, ya koyar a Jami'ar Ibadan har zuwa 1967. A can ne ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a 1964, inda aka riƙa aro littattafan hannu daga malamai da ɗakunan ajiya na Arewa, ana ɗaukar hotonsu, ana tsara sunayensu da na mawallafansu. Daga baya ya koyar a Jami'ar Gana da Jami'ar Amurka ta Alƙahira, kafin ya zauna a Jami'ar Northwestern ta Amurka daga 1981. Ya rasu a 2015.

Babban aikin da manazartan adabinmu suka fi amfana da shi, shi ne jerin kundayen Arabic Literature of Africa, wanda suka shirya tare da R. S. O'Fahey. Juzu'i na biyu, wanda ya fito a 1995, ya ƙunshi marubutan ƙasar Hausa da Barno da maƙwabtansu, tun daga malaman Katsina irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani har zuwa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da zuri'arsa. Wanda duk ya taɓa shan wahalar neman inda kwafin wani littafi yake, ya san darajar wannan aiki.

To, ina abin da ya haɗa mai wannan sana'a da tarihin Yahudawa? Al-Magili ne ya kai shi. A 1985 Hunwick ya buga Shari'a in Songhay, inda ya tace ya kuma fassara amsoshin da Shaihun ya ba Askiya Muhammadu na Sanwai. Mai son ya fahimci marubuci dole ya san inda ya fito, don haka sai ya koma Tuwat. A wannan shekarar ya fitar da maƙala kan al-Magili da Yahudawan Tuwat a mujallar Studia Islamica, ya kuma ci gaba da nazarin har ya zama littafi a 2006, mai suna Jews of a Saharan Oasis.

Tuwat jerin dausayoyi ne a cikin Sahara, a kudu maso yammacin Aljeriya ta yau, kuma zango ne babba na ayarin da ke safara tsakanin Tilimsan da Fas da Tumbuktu. A garin Tamantit na wannan yanki akwai Yahudawa da suka daɗe da zama, suna fatauci da ƙirar zinariya, suna da ɗakin ibadarsu. Wani falke ɗan Italiya, Antonio Malfante, ya rubuto wasiƙa daga Tuwat a 1447 yana bayyana cewa suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar shugabannin wurin.

Al-Magili, wanda haifaffen Tilimsan ne, bai yarda da wannan zama ba. A ganinsa Yahudawan sun warware alkawarin amana, domin ba su biyan jiziya yadda littattafan fiƙihu suka tsara, sun kuma kusanci masu mulki fiye da kima. Saboda haka ya ce a rushe ɗakin ibadarsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi. Hujjarsa ita ce ginin ya daɗe, magabata sun gan shi ba su taɓa shi ba, kuma yana tsakiyar gidajen Yahudawa ne. Sai ɓangarorin biyu suka aika neman fatawa a manyan birane. Muftin Tilimsan, Ibn Zakari, da Isa al-Mawasi na Fas suka goyi bayan alƙali. Muhammadu al-Tanasi kuwa ya ba al-Magili gaskiya, Imam al-Sanusi, mai littattafan tauhidin nan da ake karantawa a zaurukanmu, ya mara masa baya. Da wannan amsa ta iso, al-Magili ya tara mabiyansa aka rushe ginin, ya kuma sa ladan misƙali bakwai na zinariya ga duk wanda ya kashe Bayahude. Waɗanda suka tsira suka watse. Wannan ya auku ne wajejen 1492, shekarar da sarakunan Kirista suka kori Yahudawa daga Andalus.

A nan ne ƙwarewar Hunwick ta fito fili. Mutanen Tamantit ba su bar wani littafi na kansu da ke ba da labarin abin da ya same su ba. Kusan duk abin da aka sani ya fito ne daga alƙaluman Musulmi: fatawoyin da al-Wansharisi ya tara a cikin al-Mi'iyar, da risalar al-Magili kansa, da tarihin malamai na Ahmadu Baba na Tumbuktu. Waɗannan littattafai ba don adana tarihin Yahudawa aka rubuta su ba. Hunwick ya karanta su da idon mai nazarin matani, yana lura da abin da mai tambaya ya ambata a fakaice: ina ginin yake, wa ke karɓar haraji, da wa suke hulɗa. Da irin waɗannan gutsattsari ya sake gina hoton al'ummar. Ya kuma fassara nassoshin ya ajiye su gaban mai karatu, don kowa ya auna da kansa.

A ganin wannan marubuci, abu mafi muhimmanci da aikin ya tabbatar shi ne cewa mas'alar ba ijma'i ba ce. Malaman mazhabar Malikiyya ɗaya, masu karanta littattafai iri ɗaya, sun saɓa, kuma waɗanda suka ce a bar mutanen nan da ibadarsu ba ƙananan malamai ba ne. Mai cewa shari'a ce ta tilasta abin da ya faru, sai ya bayyana mana matsayin al-Asnuni da Ibn Zakari. Mai cewa ƙiyayya ce zalla ta addini kuwa, Hunwick ya tuna masa da gasar kasuwanci da rikicin shugabanci da suka dabaibaye Tuwat a wancan lokaci.

Bayan wannan tarzoma ne al-Magili ya ƙetaro hamada, ya bi ta Abzin da Takidda, ya zo Kano da Katsina, sannan ya wuce Gawo. Yana can labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Ya nemi Askiya ya kama duk mutanen Tuwat da ke Gawo, aka kama su, amma malamin Tumbuktu Mahmudu bin Umar ya ce ba su da laifi a cikin abin da ba su aikata ba, aka sake su. Duk da haka, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ruwaito cewa sarkin Sanwai ya hana Yahudawa zama a Tumbuktu. Sai a wajejen 1860 aka sake jin wani Bayahude, Mardokai Abi Sarur daga kudancin Maroko, ya kafa kasuwanci a birnin.

Al-Magili ya koma Tuwat, ya rasu wajejen 1504. Shekara ɗari uku bayan haka, Shehu Usmanu ya ɗauko amsoshinsa ga Askiya ya kafa hujja da su a cikin Sirajul Ikhwani, kan sarakunan da ke gauraya Musulunci da al'adun gargajiya. Ta wannan hanya ce sunansa ya ƙara kafuwa a makarantunmu, alhali labarin Tamantit yana kwance a cikin al-Mi'iyar, littafin da ke cikin akwatunan manyan malamanmu tun da daɗewa.