Cinikin Biri a Sama: Tarihin Hayar Wasan Bidiyo da Rigimar da Ta Tayar



Kwanan baya wani magidanci ya kawo kukansa fadarmu ana cikin shan shayi. Ƙanensa da ke Turai ya aiko wa yara da na'urar PlayStation, yanzu sun hana shi sakat, sai ya saya musu sabon wasan ƙwallo. Da ya tambayi farashi aka ce dala 70. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. In an juya, kuɗin na neman jika 40, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne. Sai ya ce: "To in na saya, suka yi kwana biyu suka gaji da shi fa? Babu inda mutum zai karɓo haya ya gwada tukuna?"

Muka yi dariya, amma tambayar nan tasa ta taɓa kai manyan kamfanoni gaban alƙali, ta kuma shiga majalisar dokoki a ƙasashe biyu.

Abin ya samo asali ne daga 1983. A shekarar kasuwar wasan bidiyo ta Amurka ta rushe. Kamfanoni barkatai sun cika shaguna da kaset-kaset na wasa marasa kan gado, kwali mai kyau, ciki shirme. Iyaye su saya da tsada, yaro ya kunna, kafin magariba ya jefar. Kamfanin Atari, wanda shi ne babba a lokacin, sai da ya kwashi kayan da suka yi kwantai ya binne su a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. An daɗe ana cewa almara ce, sai a 2014 aka tona ramin aka tarar da su.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da kamfanin Nintendo na Japan ya shigo Amurka da na'urarsa a 1985, yara sun haukace a kanta, amma iyaye ba su manta ba. Kaset ɗaya dala 40 zuwa 50, kuma da zarar ka yage ledar, shago ba ya karɓa. Babu intanet balle ka kalli yadda wasan yake. Hoton bayan kwali da maganar ɗan makwabta, su ne kaɗai shaidarka. Cinikin biri a sama ke nan.

A wannan shekarar ta 1985 aka buɗe wani shagon hayar kaset ɗin fim a birnin Dallas, mai suna Blockbuster. Mu nan ba baƙon abu ba ne gare mu: duk wanda ya tashi zamanin kaset ya san shagon da ake karɓo fim ɗin Indiya ko na Hausa a mayar gobe, mata kuma sun san masu ba da hayar littattafan soyayya. Haka nasu yake, sai dai ya yi rassa ko'ina. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 irin waɗannan shaguna suka fara jera wasannin Nintendo kusa da finafinai. Yaro ya zo ranar Juma'a da ƴan daloli, ya tafi da wasa, ya mayar bayan kwana biyu ko uku. In ya yi daɗi, a matsa wa baba ya saya. In bai yi ba, an tsira da kuɗi.

Nintendo bai ji daɗi ba ko kaɗan. Lissafinsa a fili yake: shago ya sayi kaset ɗaya, yara ɗari su buga, kamfani kuɗin ɗaya kawai ya gani. A gida Japan an riga an toshe wannan ƙofa. A 1984 aka gyara dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar, aka ce ba a ba da haya sai da yardar mai abu, masu ƙera wasa kuwa suka ƙi yarda. Shi ya sa yaron Japan bai tashi da al'adar hayar wasa ba, sai dai ya sayi na hannu ko ya ara wurin aboki.

A Amurka dokar daban take. Tun 1908 kotun ƙolinsu ta kafa ƙa'idar cewa in ka sayi littafi da kuɗinka, wanda ya buga shi ba shi da sauran iko kan yadda za ka sayar da shi, kuma a kan wannan ƙa'ida aro da haya suka tsaya. Da Nintendo ya ga ba zai iya kama Blockbuster ta nan ba, sai ya bi ta bayan gida. Kowane wasa yana zuwa da ɗan littafin bayani. Yara kuwa kun san su, su yaga, su ɓatar. Sai wasu rassan shagon suka riƙa yin fotokofi suna sakawa a madadinsa. A 1989 Nintendo ya kai ƙara kan fotokofin nan, wai an keta masa haƙƙi. Kowa ya san ba takardar ce ta dame shi ba. Blockbuster ya daina fotokofi, aka sasanta a wajen kotu, haya ta ci gaba abinta.

Saura majalisa. A 1990 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar hana ba da hayar manhajar kwamfuta ba da izini ba, saboda faifan kwamfuta kowa na iya kai shi gida ya kwafe ya mayar. Nintendo ya yi iya ƙoƙarinsa a haɗa da wasanninsa, ƴan majalisa suka ƙi. Hujjarsu ita ce kaset ɗin na'urar wasa ba ya kwafuwa a gida. Dokar ta fito ta ware wasannin irin waɗannan na'urori, masu shago suka yi nasara.

Nan ne labarin ya fi ba mu mamaki. Tunda an kasa hana haya, sai wasu kamfanoni suka koma cikin wasan kansa suka kafa tarko. Duk wanda ya taɓa buga The Lion King na 1994 a na'urar Sega ko Super Nintendo ya san azabar mataki na biyu, wajen birai masu jifa da ɗan zaki da kuma gudun jimina. Wasan yara ne, amma manya sun sha kashi a wurin. Shekaru bayan haka Louis Castle, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Westwood da ya ƙera wasan, ya bayyana cewa da gangan aka tsananta wurin, bisa buƙatar Disney, don kada mai haya ya yi nisa cikin ɗan lokacin da yake da shi. Ya mayar da kaset da sauran ƙishi, ya je ya saya. Saboda haka in ka taɓa jifa da manet don haushi kana zaton kai ne ba ka iya ba, to ka yafe wa kanka, rigimar ƴan kasuwa ce ta faɗo kanka.

Wasu kuma suka gane cewa ɗanɗano talla ne. A 1993 masu wasan Doom suka saki kashi na farko kyauta, kowa ya kwafa ya ba abokinsa, wanda ya ji daɗi ya biya kuɗin sauran biyun. Da PlayStation ta fito, a Japan 1994, a Turai da Amurka 1995, mujallu suka riƙa zuwa da faifai mai ɗauke da guntayen wasanni. Mai kilishi ya daɗe da sanin wannan dabara.

Shagunan haya kuwa sun yi tashe, sannan suka faɗi. A 2004 Blockbuster na da rassa sama da 9,000 a duniya. Sai ga masu aika faifai ta gidan waya, Netflix a fannin fim, GameFly a fannin wasa tun 2002, sai kuma intanet mai ƙarfi ta ƙarasa aikin. A 2010 kamfanin ya karye. Yau shago ɗaya tak ya rage, a garin Bend na jihar Oregon, masu yawon buɗe ido na zuwa ɗaukar hoto a ƙofarsa.

Mu a nan ba mu taɓa samun irin wannan shago na wasa ba, don kaset ɗin ma sai da na'ura, na'urar kuma ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Tamu hayar ta kujera ce. Ɗaki ɗaya ko rumfa, tele biyu ko uku, benci, mai wuri na riƙe da lissafi. Ka ajiye dala goma ko ashirin ka buga wasa ɗaya, wanda aka ci ya miƙa manet. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, a yi ta musu kan ko kuɗi sun ci. Faifan ma, mu faɗi gaskiya, galibi kwafi ne, an yi wa na'urar dabara ta karɓe shi. Amma amfanin da ɗan Amurka ya samu a shagon haya shi muka samu a rumfar nan: kafin yaro ya roƙi a sayo masa wani abu, ya riga ya san ko yana so.

Kamfanoni ba su haƙura ba. A 2013 Microsoft ya sanar cewa sabuwar na'urarsa Xbox One za ta taƙaita aro da sayar da faifan hannu, kuma dole ta riƙa leƙa intanet kullum. Jama'a suka yi ca. Sony ya fitar da ɗan bidiyo na shaguɓe, wani ya miƙa wa wani faifai hannu da hannu, wai ga yadda ake aro a PlayStation 4. Cikin ƴan kwanaki Microsoft ya janye. A fannin kwamfuta kuma, hukumar kare masu saye ta Ostareliya ta kai kamfanin Valve kotu a 2014 kan ƙin mayar wa mutane kuɗinsu. A 2015 kasuwarsa ta intanet, Steam, ta kafa ƙa'idar da ke aiki har yau: in ba ka wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba ka buga ya kai awa biyu ba, kana iya karɓar kuɗinka.

Sai dai a ganinmu kamfanonin ne suka yi dariyar ƙarshe. Hayar da suka yaƙa, yanzu su ke ba da ita. Tun 2017 Microsoft ke da Game Pass, ka biya kuɗin wata kamar abonma na Canal+, ka buga ɗaruruwan wasanni, ka daina biya a rufe. Ko wanda ka biya cikakken kuɗinsa ta intanet, in ka karanta ƙananan rubutun, izini aka sayar maka. A ƙarshen watan Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe wasan tseren mota The Crew, wanda ya fito a 2014, har masu riƙe da faifansa a hannu suka wayi gari ba ya kunnuwa. Abin ya fusata mutane, a Tarayyar Turai sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke.

Mun koma kan magidancin namu. Abin da fada ta ba shi shawara: ya ba yaran dala arba'in su je gidan wasa na unguwa su buga sabon ƙwallon tukuna. In ya zama dole a saya, ya nemi faifai, ko na hannu ne, don shi ake iya ara wa makwabci ko a sayar in an gaji, muddin na'urar mai cin faifai ce. Wani matashi ya ƙara masa da cewa eFootball, wanda muka sani da PES, kyauta ake sauke shi tun 2021, sai dai mega zai ci, kuma a ciki akwai ƴan wasan da ake saye da kuɗi. Da ya ji haka ya ajiye kofin shayi, ya ce bari ya je ya cire lambar katinsa daga na'urar kafin yara su taso daga makaranta.