Mafarautan Lada a Sararin Samaniya: Cowboy Bebop da Japan ta 1998

Na san akwai wanda zai ga kan wannan maƙala ya ce, yau kuma katun muka koma a shafin tarihi? To, a yi mini haƙuri a biyo ni sannu. Wasan da nake so mu duba sunansa Cowboy Bebop, zane ne mai motsi irin wanda mutanen Japan ke kira anime. Kamfanin Sunrise ne ya shirya shi, Shinichiro Watanabe ya ba da umarni, aka fara nuna shi a 1998. An kai labarin can shekara ta 2071, amma ni abin da nake gani a cikinsa shi ne Japan ta shekarar da aka yi shi, da fatararta da bashinta.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. 'Yan Adam sun gina waɗansu ƙofofi a sararin samaniya don gajarta tafiya. Ɗaya daga cikinsu ta fashe, ta ɓantare wani sashe na farin wata, duwatsu suka riƙa zubowa duniya ba dare ba rana, jama'a suka watse zuwa Mars da watannin Jupita. Ƙasa ta yi wa 'yan sanda faɗi, sai hukuma ta koma sa lada a kan duk mai laifin da ya tsere. Masu farautar irin waɗannan mutane ana ce musu kaboyi, kuma an ce sun kai 300,000. Huɗu ne namu, a cikin wani tsohon kumbo mai suna Bebop: Spike, wanda ya gudo daga wata ƙungiyar manyan masu laifi, Jet, tsohon ɗan sanda, Faye, 'yar caca, da wata yarinya Ed, gwanar kwamfuta. Akwai kuma kare.

Shi mafaraucin lada ba a Japan aka haife shi ba. Asalinsa yammacin Amurka ne a ƙarni na 19, inda ake manna takarda a bango da hoton wanda ake nema da kuɗin da za a biya. Sinima ce ta mai da shi jarumi, musamman finafinan Sergio Leone ɗan Italiya, irin su For a Few Dollars More na 1965. Abin dariyar shi ne, fim ɗin Leone na 1964 da ya fito da Clint Eastwood, daga Yojimbo na Akira Kurosawa na 1961 aka ɗauko shi, labarin wani mayaƙin Japan da ba shi da ubangida, mai sayar da takobinsa ga duk wanda ya biya. Watau Watanabe kayan gidansu ne ya karɓo bayan sun zaga duniya. Ya kuma ba Spike salon faɗan Bruce Lee. Iyayenmu da suka yi zamanin kallon kaboyi da Canis a gidajen siliman Kano da Kaduna ba za su ga baƙon abu a nan ba.

Amma fa abin da ya bambanta waɗannan kaboyi da na Leone shi ne yunwa, kuma don a gane ta sai an koma kan tattalin arzikin Japan. A ƙarshen Disamba 1989 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Tokiyo, Nikkei, ya kai 38,915. Kafin Agusta 1992 ta ƙare ya faɗo ƙasa da 15,000, bai sake taka matsayinsa na da ba sai Fabrairu 2024. Farashin filaye ya bi shi, bankuna suka wayi gari da basussukan da ba za su biyu ba. A Nuwamba 1997 bankin Hokkaido Takushoku ya durƙushe, sa'an nan kamfanin hannun jari na Yamaichi, mai shekara 100 cur da kafuwa, ya rufe, shugabansa yana kuka a talabijin yana roƙon a ɗauki ma'aikatansa aiki. A 1998 yawan waɗanda suka kashe kansu a ƙasar ya haura 30,000 a karo na farko. A da, saurayi in ya gama jami'a yakan shiga kamfani ɗaya har ya tsufa. Yanzu kuwa samari da yawa sai aikin wucin gadi, yau nan gobe can.

To, dubi mutanen Bebop. Ba mai albashi a cikinsu, kuma da wuya su kama wani su ci ladan lafiya. A kashi na farko ma Jet ya soya tattasai da nama, amma babu naman, domin ladan da suka samu a baya ya tafi wajen biyan ɓarnar da Spike ya yi. Har shirin talabijin da ke sanar da su sunayen waɗanda ake nema, kafin wasan ya ƙare an soke shi saboda ƙarancin masu kallo. Wadda ta fi taɓa ni ita ce Faye. Ta yi haɗari tana budurwa, aka daskarar da ita shekara 54, ta farka ba ta tuna ko sunan gidansu, asibiti kuma ya miƙa mata takardar bashin kuɗinsu miliyan 300. Daga baya wani tsohon kaset ɗin Betamax ya iso, wanda ta ɗauki kanta tana yarinya. Da ta gano gidansu sai ta tarar da kango. Ta zana inda gadonta yake a ƙasa da tsinke, ta kwanta a ciki. Marubuciyar wasan, Keiko Nobumoto, wadda ta rasu a 2021, ba ta ambaci banki ko ɗaya ba, amma duk matashin Japan da ya gaji bashin shekarun da bai ci moriyarsu ba ya san wannan kangon.

Shi kansa wasan da kyar ya sha. Sashen kayan wasan yara na kamfanin Bandai ne ya fara sa kuɗi, da nufin sayar da 'yan kumbunan roba. Da suka ga irin abin da Watanabe ke yi sai suka janye, har sai da wani reshen kamfanin, Bandai Visual, ya ɗauki nauyin. Lokacin kuma bai yi daɗi ba. A 1997 wani yaro ɗan shekara 14 ya kashe yara biyu a Kobe, a Disambar shekarar kuma walƙiyar wani kashi na Pokémon ta kai ɗaruruwan yara asibiti, gidajen talabijin duk suka tsorata. Saboda haka TV Tokyo, daga Afrilu zuwa Yuni 1998, kashi 12 kaɗai ta nuna daga cikin 26, da wani na musamman guda, ba ta ma nuna na farko ba. Sai tashar WOWOW, wadda ake biya kafin a kalla, ta nuna shi cikakke daga Oktoba 1998 zuwa Afrilu 1999.

Ban ce komai a kan kiɗan ba, alhali rabin wasan ke nan. Yoko Kanno ce ta tsara shi tare da makaɗanta, Seatbelts, sunan kumbon kuwa daga bibop aka samo shi, salon jaz da baƙaƙen Amurka irin su Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka ƙirƙiro a Harlem cikin shekarun 1940. Ina jin wannan ne ya sa Amurkawa suka karɓe shi hannu bibbiyu sa'ad da Adult Swim ta fara nuna shi a farkon Satumba 2001. Netflix ta gwada maimaita shi da 'yan wasa na gaske a Nuwamba 2021, ta soke cikin 'yan makonni. A Amurkan ma bai tsira daga almakashi ba a zagayen farko: kwana tara da fara nuna shi aka kai harin 11 ga Satumba, sai tashar ta tsallake kashi uku, ciki har da na 22, wanda ke ba da labarin wani mutum mai dasa bam a dogayen gine-gine.