Kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya don karatu da wasa: abin da ɗalibi a Garwa zai duba kafin ya biya

Tun da aka kafa Jami'ar Garwa a watan Janairun 2022, iyaye da dama a arewacin Kamaru sun ƙara wani abu a lissafin kuɗin makaranta, wato kwamfutar tafi-da-gidanka. Ɗalibi yana buƙatarta don rubuta darasi da aikin bincike, amma a ransa yana son ta iya ɗaukar wasan ƙwallo ko GTA idan an tashi daga aji. Kuɗin sau ɗaya ake haɗa su, sau da yawa da gudummawar 'yan uwa, kuma mai shago ba ya karɓar kaya bayan an yi makonni da su a gida.

Buƙatun biyu suna jan juna. Kwamfutar rubutu ana son ta da sauƙin ɗauka, batirinta ya yi awa biyar ko shida ba caji. Ta wasa kuwa tana ɗauke da katin hoto na musamman mai cin wuta da fitar da zafi, nauyinta yakan haura kilo 2, cajarta ma kaya ce a jaka. Wadda ta haɗa duka biyun da kyau tana nan a kasuwa, sai dai ba ta da araha. Don haka mai ƙaramin kuɗi dole ya san ɓangaren da zai sassauta.

A Garwa yanayi ma yana da bakin magana. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, kuma kwamfutar da ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu tana toshe fankar ciki. Wutar lantarkin arewa kuma ta daɗe tana dogara da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, idan ruwa ya ja baya a rani sai ɗauke wuta ta yawaita, duk da tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Guider. Kwamfutar wasa idan aka cire ta daga soket ƙarfinta raguwa yake yi, batirin kuma da wuya ya wuce awa ɗaya da rabi ana wasa. A ganina wannan kaɗai ya isa ɗalibi ya sa batiri a gaban katin hoto.

Kada sunan i7 ya ruɗe ka

Nan ne aka fi cutar masu saye. Mai shago zai ce “Core i7 ce”, ya ɗora farashi, alhali ta shekara goma. Abin dubawa shi ne lambar da ke bayan sunan. A i5-8250U, lamba 8 tana nufin zubi na takwas. A i5-1135G7, lamba 11 tana nufin zubi na sha ɗaya. Ita i5-8250U tana da ƙwaya huɗu masu aiki, i7-7500U kuwa biyu ne da ita, saboda haka wannan i5 ɗin ta fi waccan i7 ƙarfi.

Akwai wani dalilin kuma. Kamfanin Microsoft ya tsayar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman Intel zubi na takwas zuwa sama, ko, a kwamfutar tafi-da-gidanka, AMD Ryzen 3000 zuwa sama. Wanda zai yi shekara uku yana digirin farko kada ya sayi abin da ya gaza haka, komai arharsa.

RAM kada ta yi ƙasa da giga 8, idan da hali 16. Ma'ajiyar ta zama SSD, aƙalla giga 256, kuma 512 ta fi ga mai wasa, domin wasa ɗaya na zamani yana iya neman giga 100. Waɗanda suka yi amfani da kwamfutocin PB Hev, guda 500,000 da gwamnati ta yi wa ɗalibai alkawari a 2016 aka fara rabawa a ƙarshen 2017, sun san yadda ma'ajiyar giga 32 take cika tun kafin a saka mata wani abin kirki.

Wane wasa kake nufi?

Amsar wannan tambaya ce take yanke farashi. Idan tsofaffin wasannin PES ne, ko GTA V da aka rage wa kyawun hoto, ba sai an sayi kwamfutar wasa ba. Katin hoton da ke haɗe cikin AMD Ryzen, irin Vega 8, ko Iris Xe na Intel zubi na sha ɗaya, yana ɗaukarsu daidai gwargwado. Da sharaɗi ɗaya da masu shago ba su cika faɗa ba: a saka RAM guda biyu, misali 8 da 8, maimakon 16 guda ɗaya. Irin wannan katin ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM yake aro, kuma idan guda biyu ne hanyar ta ninka, wasan ya fi tafiya sumul. UHD 620 na Intel zubi na takwas ya fi su rauni. Yana isa karatu da kallon bidiyo da wasanni marasa nauyi, amma kada a sa masa rai fiye da haka.

Idan kuwa EA Sports FC ake so, wato wasan da ya gaji FIFA tun 2023, maganar ta sauya. FC 24 yana neman aƙalla katin GTX 1050 Ti mai giga 4. Nan sai a nemi kwamfuta mai GTX 1650 ko RTX 3050, irin Acer Nitro 5, HP Victus, Lenovo IdeaPad Gaming 3 ko Asus TUF, a kuma yarda da nauyi da ƙarar fanka da neman wurin zama kusa da soket a aji.

A yi hattara da kalmar “carte graphique 4 Go” da ake rubutawa a jikin kaya. Sau da yawa RAM ɗin aro ake ƙirgawa. A buɗe Gestionnaire des tâches, a shiga Performance, a danna GPU, a karanta sunan katin da adadin ma'ajiyar da aka keɓe masa. Katunan GeForce MX da 940MX suna da sunan Nvidia, amma ba na manyan wasanni ba ne.

Sabuwa mai arha ko ta hannu mai ƙwari

Yawancin abin da ke shagunan Garwa na hannu ne, waɗanda 'yan kasuwa ke kira occasion, sun shigo ta Duwala ko ta iyakar Najeriya. Wannan ba aibi ba ne. Kwamfutocin ofis da kamfanonin Turai da Amurka suka sauke, irin ThinkPad T480 ko T14, HP EliteBook 840 G5 ko 845 G7, da Dell Latitude 5490, an ƙera su don aikin yau da kullum, allon bugunsu yana da daɗin rubutu, kuma ana iya ƙara musu RAM. Sabuwa fil mai Celeron da RAM giga 4 tana iya yin sheƙi a kwali, amma ba za ta kamo ko ɗaya daga cikinsu ba. Kwamfutar wasa ta hannu kuwa ta fi haɗari, saboda ba ka san shekara nawa ta yi tana dahuwa a hannun mai ita na farko ba.

Allon bugu ma abin dubawa ne. Kayan Faransa da Beljiyam AZERTY ne, na Amurka da na Najeriya galibi QWERTY. Mai rubutu da Faransanci zai fi jin daɗin AZERTY saboda é, è da ç suna kusa. Mai son rubuta ɓ da ɗ na Hausa, ko ŋ da ƴ na Fulfulde, zai iya saka tsarin allon Kamaru na Keyman, akwai shi ga AZERTY da QWERTY duka. Masu allon taɓawa da alƙalami, irin X1 Yoga, suna da amfani ga ɗalibin lissafi ko likitanci mai yawan zane, amma gyaran allonsu tsada ne da shi, kuma littafi da biro sun daɗe suna yin wannan aikin.

A shago, kafin kuɗi su bar aljihu

A nemi minti talatin da kwamfutar a kunne. A buɗe Invite de commandes a rubuta powercfg /batteryreport, rahoton zai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa. Idan ya yi ƙasa da kashi 70 cikin 100, a cire kuɗin sabon batiri daga farashi. A duba ko wurin taɓawa ya ɗago ko ƙasanta ya kumbura, alamar batiri ya lalace ke nan. A shiga BIOS a tabbatar babu kalmar sirri, domin wasu kwamfutocin ofis suna zuwa a kulle da sunan tsohon kamfani. A gwada kowane maɓalli, kyamara, Wi-Fi da kafofin USB, sannan a kunna wasa ko bidiyo mai nauyi a saurari fanka, a taɓa jikinta.

Caja ta zama ta asali, mai ƙarfin da aka rubuta a ƙasan kwamfutar. Ta ofis galibi wat 65 ce, ta wasa kuwa 135 ko sama. A ware wani abu a kasafi don na'urar kare kaya daga hauhawar wuta, da kuma wanke fanka da sauya man sanyaya bayan kowane hunturu. Mai kwatanta farashi da shafukan Turai ya tuna yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kafin a ƙara kuɗin jigila da na kwastan. Sannan a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar da adadin kwanakin garanti a rubuce, da hatimin shago.