Takardar Koke da Dokar Kuɗin Kirifto: Ina Mutanen Madawa, Buza da Keita Za Su Kai Kukansu?

Arzikin gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa a Nijar ya daɗe yana dogara da kuɗin da ke ƙetara iyaka. Albasar kwarin Tarka da ta Majiya tana sauka Abijan da Ankara da Kwatano, samarin Adar da na Gobir Tudu suna tafiya cin rani Najeriya, Kodebuwa, Libiya da Aljeriya, abin da suka samu kuma yana dawowa gida ta hannun kamfanonin aike irin su NITA da Al Izza, ko ta hannun ɗan canjin da ke juya naira zuwa sefa. Takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya rufe iyakar Najeriya na tsawon watanni, ya nuna wa kowa raunin waɗannan hanyoyi. Saboda haka duk dokar da za a yi a kan kuɗin kirifto, da yadda ake aika shi ko a canja shi, tana iya taɓa magidanci a Keita ko da bai taɓa jin sunan Bitcoin ba. Tambayar ita ce ko takardar koke mai sa hannun jama'a za ta iya tanƙwara irin wannan doka. Ra'ayina shi ne tana iyawa, amma yawan sa hannu shi ne mafi ƙarancin abin da ke ba ta ƙarfi. Abin da ke aiki shi ne ta faɗa hannun hukumar da ke da ikon abin, ta nemi abu ɗaya bayyananne, kuma masu ɗauke da ita su zama mutanen da shirunsu ko fushinsu ke da tsada ga mahukunta.

Hujjar da masu yarda da koke suka fi kafawa ta fito ne daga Koriya ta Kudu. A watan Janairun 2018 ministan shari'a, Park Sang-ki, ya ce ana shirya dokar rufe kasuwannin kirifto. Cikin kwanaki kaɗan koken da aka ɗora a shafin fadar shugaban ƙasa ya wuce sa hannu 200,000, kuma ba a rufe kasuwannin ba. Sai dai idan aka duba da kyau, adadin ya yi tasiri ne don gwamnatin da kanta ta ɗaure kanta da ƙa'ida cewa duk koken da ya kai wannan adadi cikin kwana 30 dole a ba shi amsa, kuma masu sa hannun matasa ne masu ƙuri'a. Abin da suka samu ma ba sakin mara ba ne: a ƙarshen wannan wata aka wajabta cewa duk mai cinikin kirifto sai da asusun banki mai ɗauke da sunansa na gaskiya. Koken ya hana haramci, ya kuma bar wa hukuma rubuta sharuɗɗa.

Najeriya, wadda ta fi kusa da mu, ta ba da akasin darasin. Ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto. Kururuwar da ta biyo baya ba ƙarama ba ce, har majalisar dattawa ta gayyaci gwamnan bankin, mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo kuma ya fito fili ya fifita tsarawa a kan hanawa. Duk da haka umarnin ya zauna kusan shekara uku, sai a Disamban 2023 aka ɗage shi, bayan gwamnati da shugabancin bankin sun sauya. Abin da ya karya shi shi ne cinikin ya koma tsakanin mutum da mutum inda idon hukuma ba ya kaiwa, gwamnati na son haraji, ga kuma matsin hukumar duniya mai yaƙi da halatta kuɗin haram, GAFI, wadda tun 2019 ta nemi ƙasashe su sa ido a kan masu wannan sana'a. Dokar zuba jari ta 2025 da ta sanya kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar kula da hannayen jari ta fito ne daga wannan lissafi na hukumomi.

A Nijar matsalar ta fi zurfi, domin mai koke sai ya fara gano inda zai kai takardarsa. Sefa kuɗin ƙasashe takwas ne, babban bankinsu BCEAO yana Dakar, manyan ƙa'idojin kuɗi kuma majalisar ministocin ƙasashen ce ke amincewa da su kafin kowace ƙasa ta mayar da su dokarta. Ta wannan hanya ce dokar bai-ɗaya ta yaƙi da halatta kuɗin haram ta Maris 2023 ta ambaci masu hidimar kadarorin intanet. Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, amma tana nan cikin wannan tarayya ta kuɗi. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta gwada yin gaban kanta a Afrilun 2022, lokacin da ta mayar da Bitcoin halattaccen kuɗi; babban bankin yankinta ya ƙi, kuma cikin shekara guda majalisarta ta janye wannan matsayi. Abin da ya gagari majalisar dokokin ƙasa guda, takardar sa hannu daga Buza ba za ta iya shi ba. Ga shi kuma a Nijar an rushe majalisar dokoki tun 2023, an maye gurbin zaɓaɓɓun magadan gari da kantomomi a 2024, majalisar tuntuɓa da aka kafa a 2025 kuwa shawara take bayarwa.

Mai suka zai ce to ai magana ta ƙare, koke ɓata takarda ne. Tarihin Nijar bai goyi bayansa ba. A 2005 gwamnatin Tanja Mamadu ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa, madara, sukari, ruwa da wuta. Ƙawancen ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa ya fito da buƙata guda da kowace uwargida ta fahimta, 'yan kasuwa suka rufe shaguna a Yamai da sauran birane, kuma a watan Afrilu gwamnati ta janye harajin daga yawancin kayan. A 2018 wasu daga cikin mutanen nan suka tashi a kan dokar kasafin kuɗi, aka tsare jagororin watanni, dokar kuma ta tsaya. Ina ganin bambancin yana cikin faɗin buƙatar da kuma wanda ya tsaya bayanta: na farko haraji ne a kan abin sawa a baki, kuma kasuwa ta tsaya cik dominsa, na biyu doka ce mai rassa da yawa wadda aka samu sauƙin jingina ta ga 'yan adawa.

Wani zai ce kirifto harkar samarin birni ce masu babbar waya, kuma manomin da ke fama da kuɗin man injin ban-ruwa yana da abin da ya fi wannan damunsa. Akwai gaskiya a ciki, kuma bai kamata a ƙirƙira wa mutane ƙishirwar da ba su da ita ba. Amma cutar wannan harka takan riga amfaninta isowa ƙauye. Guguwar danna waya ta Hamster Kombat a 2024 ta ratsa ƙasar Hausa ba ta tsaya a kan iyaka ba, rushewar dandalin zuba kuɗi na CBEX a Najeriya a Afrilun 2025 kuma ta tafi da ajiyar dubban mutane da aka yi wa alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Haka nan dokokin da ake rubutawa don kama masu damfara su ne ke tsaurara neman takardar shaida da ƙayyade abin da za a aika, kuma matar da mijinta ke Libiya ita ce ta farko da za ta ji nauyinsu a bakin tagar karɓar kuɗi.

Don haka koken da zai yi amfani daga wannan yanki ƙarami ne mai iyaka. Kada ya nemi a halatta ko a haramta kirifto, tunda wannan ba ya hannun kowa a Tawa. Ya nemi ma'aikatar kuɗi, wadda ministanta ke da kujera a majalisar ministocin tarayyar, ta riƙa wallafa sunayen kamfanonin da ke da lasisin karɓar ajiyar jama'a, ta buɗe wurin kai ƙara a kowace gunduma ga wanda aka damfara, kuma ta fitar da daftarin duk wata ƙa'ida kafin a sa mata hannu. Masu ɗaukarsa suna nan: ƙungiyar masu sana'ar albasa ta ANFO, ƙungiyoyin 'yan asalin yankin da ke zaune a waje, sarakunan gargajiya, da ƙungiyoyin matan ƙauye da suka saba aiki tare tun aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984. Suna kuma da madogara a rubuce, domin kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wanda ya ba su damar neman a karanta wannan daftari da Hausa a gidajen rediyon karkara na Madawa, Buza da Keita kafin ya zama doka.