Baƙon Itace da Sunansa

Darbejiya baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Asalinta Indiya, kuma a 1928 aka fara dasa ta a Borno, bayan an ɗauko irinta daga Gana. Duk da haka, yau sunayenta sun fi na wasu itatuwan da kakanninmu suka tarar yawa. Bakano ya ce darbejiya, Bakatsine ya ce bedi, a Sakkwato da sassan Nijar dogon yaro ce, a gabas kuwa maina. Dogon yaro bai buƙatar dogon bayani: kafin ka ankara ya wuce katanga. Yarabawa ma sun ari sunan, suna cewa dongoyaro. Maina kuwa laƙabin ɗan sarki ne wurin Barebari, kuma a ganina ya dace da itacen da ya shigo ta ƙofar Borno ya mamaye titunan Maiduguri.

Itacen turare ma baƙo ne, daga Ostireliya ya zo. Ƙamshin ganyensa ya ba shi suna, wasu kuma su ce zaiti.

To, ina pine, itacen nan mai ganye kamar allura da Turawa ke jerawa don kare iska? Ma'aikatan gandun daji sun dasa shi a Afaka kusa da Kaduna, da tsaunukan Jos da Mambila. Shekaru sun shuɗe, har yanzu da sunan Turancinsa ake kiransa. Dalilin a fili yake. Ba a tafasa ganyensa don zazzaɓi, ba a zuba shi a rumbu ya kori ƙwari, ba a karya reshensa a yi asuwaki. Yana kuma son tudu mai sanyi da wadataccen ruwan sama, don haka ya tsaya a gandun gwamnati.

Da aka tashi kare gonakin gero daga iska a kwarin Majiya da ke jihar Tawa ta Nijar a 1975, dogon yaro aka jera layi biyu-biyu, ya kuwa kama. Ina roƙon masu rabon dashe a Jigawa da Yobe da Katsina: kafin ku loda iri a mota, ku tambayi manomin da zai yi renonsa da wane suna ya san shi.