Tururuwar hamada: yadda take kare rumbunta

Tururuwa mai jidar hatsi ba a ƙasarmu kaɗai take ba. A hamadar Arizona da Niyu Meziko, kudu maso yammacin Amurka, akwai danginta da masana ke kira Pogonomyrmex. Kamar tamu, tana tara ƴaƴan ciyawa a ɗakuna ƙarƙashin ƙasa, kuma yawancin faɗanta a kan wannan rumbu ne da filin da take kiwo.

Inda suka bambanta shi ne makami. Tamu ta gonaki, wadda ake kira Messor, cizo take yi da baki. Ta Amurka kuwa tana da ƙari irin na rina: sai ta cafke fata da baki, sannan ta yi harbi. Masanin ƙwari Justin Schmidt, wanda ya jera zafin harbi daga 1 zuwa 4, ya ba ta 3. Raɗaɗin kan ɗauki awoyi, kuma dafin irin da ake kira maricopa yana cikin mafi ƙarfi da aka auna a ƙwari.

Da wari suke gane baƙo. Kowane gida na da warinsa a jikin ƴaƴansa. In biyu suka haɗu a hanya, sai su shafi juna da ƙahonninsu. In warin ya saɓa, ko su rabu, ko su kacame.

Sai dai ba kullum ake faɗa ba. Deborah Gordon ta jami'ar Stanford, wadda ke bin gidajensu tun 1985, ta gano cewa gida mai shekara 3 zuwa 4, wanda ke cikin girma, shi ya fi rigima da maƙwabta. Wanda ya haura shekara 5, mai ma'aikata wajen 10,000, ya fi son kauce wa fitina. Haka in ƙadangare mai ƙaho, wanda dafinsu bai cika kamawa ba, ya tare ƙofa yana cinsu, sukan daina fita su jira ya tafi.

Ga ƴan uwanmu mazauna can: gidanta fili ne kewayayye, tas babu ciyawa. Kada a bar yara su zauna kusa. Wanda aka harba ya wanke wurin, ya ɗora abu mai sanyi. In fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti nan take.